Naɗin Sarki Tsakanin Akwatunan Sadarwa

Da yawa daga cikinku, in Allah ya nufa kun gama kos lafiya, makarantun da ke da ɗakin kwamfuta za a tura ku. To, ku sani tun yanzu, a irin waɗannan makarantu ba safai a kan sami injiniya na musamman ba. Malamin da aka ga hannunsa ya ɗan faɗa da na'ura shi a kan miƙa wa mabuɗi, ran da abu ya tsaya kuwa shi hedimasta zai aika a kirawo. Tun daga shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a da kwamfuta kaɗai a ke yin ta, makarantu da dama kuma sun bi sahu a jarrabawarsu ta cikin gida. In sadarwa ta tsaya rabin sa'a ana tsakiyar jarrabawa, yaron da ya shekara yana shiri ne zai zauna yana kallon allo, hankalinsa a tashe. Shi ya sa na ga ya kyautu in yi muku bayanin wani ɗan sashe na wannan aiki wanda a kan manta da shi, don ba ya nuna kansa sai ranar da ya ɓaci.

Ku duba bayan ko wace kwamfuta a ɗakin koyo, za ku ga waya ta fito ta bi bango, ta je ta shiga wani akwati mai faɗi, mai ƙofofi jere guda 24 ko 48, da 'yan fitilu suna ƙyaftawa. Wannan tsari na haɗa na'urori da waya shi a ke kira Ethernet, kada ku rikita shi da intanet. Akwatin kuwa sunansa suwic. A littattafan farko gada a ke ce masa, domin aikinsa haɗa wannan gaɓa da waccan, har yau ma in ka shiga cikin saitinsa kalmar bridge za ka tarar, watau gada da Turanci. Ni dai a nan akwati zan riƙa ce masa.

Aikin akwati ba wuya. Ko wace na'ura tana da lamba tata ta kanta wadda aka buga mata tun daga masana'anta, ita ce lambar MAC. In saƙo ya shigo ta ƙofa ta biyar, sai akwati ya duba lambar wanda ya aiko, ya rubuta a littafinsa cewa wane yana bayan ƙofa ta biyar. Nan gaba in saƙon wane ya zo, ta ƙofa ta biyar kaɗai zai fitar da shi. Amma akwai saƙon da ba na mutum ɗaya ba ne, na kowa da kowa ne, kamar shelar da a ke yi ran kasuwa. Kwamfuta in ta tashi ta kan yi shela tana neman wanda zai ba ta adireshi, in tana cigiyar maƙwabciyarta ma shela ta ke yi. Irin wannan saƙo akwati ya kan fitar da shi ta ko wace ƙofa, ban da wadda ya shigo ta cikinta. Haka kuma ya ke yi da saƙon wanda bai san inda ya ke ba tukuna.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mu ɗauka makaranta tana da akwati uku, ɗaya a ofis, ɗaya a laburare, ɗaya a ɗakin kwamfuta. Mai hankali ba zai so ya dogara da waya ɗaya ba, domin ɓera ya kan ci waya, mai haƙa lambatu ya kan sare ta. Sai ya ja waya daga ofis zuwa laburare, ya ja wata daga ofis zuwa ɗakin kwamfuta, ya kuma ja ta uku daga laburare zuwa ɗakin kwamfuta, don in ɗaya ta yanke a bi ta ɗayar. Dabara ce mai kyau, sai dai ta yi zobe. Shela ɗaya in ta fito daga ɗakin kwamfuta za ta tafi ofis, ofis ya miƙa wa laburare, laburare ya maido ta ɗakin kwamfuta, shi kuma ya sake miƙa wa ofis kamar bai taɓa ganinta ba. Wani kwafin nata kuma yana zagawa ta ɗaya hannun. Saƙon intanet yana ɗauke da wata lamba da ke raguwa a ko wace mararraba ya ratsa, in ta kai sifiri a yar da shi. Saƙon Ethernet ba shi da wannan lamba, in ya shiga zobe ba ya mutuwa. Ko wace sabuwar shela sai ta hau kan na da, in zoben ya fi ɗaya ma su riƙa hayayyafa, kafin ka ce kwabo wayoyi sun cika maƙil. Littafin akwati ma ya rikice, don yanzu ya ga wane ta ƙofa ta ɗaya, yanzu ya gan shi ta ta biyu. Alamar da za ka gani ita ce fitilun duka suna ƙyaftawa tare da sauri ba tsayawa, ko wace kwamfuta kuwa ta kasa isa ko'ina.

Wadda ta warware wannan matsala wata injiniya ce Ba'amurkiya, sunanta Radia Perlman, a shekarar 1985, lokacin tana aiki a kamfanin DEC. Mu malamai muna da ɗan rabo a cikinta, domin tun tana ɗaliba a MIT ta yi aikin koya wa ƙananan yara, waɗanda ba su ko iya karatu ba, yadda za su ba na'ura umarni. Dabararta ita ce a bar wayoyin duka a jone, amma akwatunan su yi shawara tsakaninsu su rufe waɗansu ƙofofi, har ya zama tsakanin ko wane akwati biyu hanya ɗaya tak ta rage a buɗe. Siffar da ta rage kamar ta bishiya ce, reshe ya kan rabu biyu, amma rassa ba su komawa su haɗe su yi zobe. Don haka a ke kiran dabarar Sifanin Tiri, watau bishiyar da rassanta suka game ko'ina, a taƙaice STP. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mai da ita ƙa'ida a 1990, da lamba 802.1D.

Bishiya ba ta tsayuwa sai da tushe. Saboda haka abu na farko da akwatunan ke yi shi ne su fid da ɗaya daga cikinsu wanda za a riƙa auna ko wace hanya daga gare shi. A allon na'ura root za ka ga an rubuta, watau saiwa. Ni sarki na ke ce masa in ina koyarwa, don naɗa shi a ke yi. Ko wane akwati yana da sunan sarauta mai kashi biyu, lambar daraja a gaba, lambar MAC tasa a baya. Da an kunna shi sai ya fara aika wa maƙwabtansa wata 'yar wasiƙa da a ke kira BPDU, yana cewa shi ne sarki. In ya sami wasiƙar wani mai lamba ƙasa da tasa, sai ya sauka ya yi mubaya'a, ya riƙa yaɗa sunan wancan. A wannan fada ƙaramar lamba ita ce babba. Lambar daraja a ke fara dubawa, in an yi kunnen doki sa'an nan a duba MAC.

Ga abin da na ke so ku riƙe fiye da kome cikin wannan bayani. Ko wane akwati da lambar daraja 32768 ya ke fitowa daga masana'anta. In ba wanda ya taɓa ta, duka sun yi kunnen doki ke nan, sai MAC ta raba gardama. MAC kuwa ba ta san mai ƙarfi ba, ba ta san wanda ke tsakiyar makaranta ba, sau da yawa ma tsohon akwati ne a kan tarar da ƙaramar lamba.

Mu koma ga akwatunanmu uku. A ce saba, watau babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyin jarrabawa, tana ofis, wayar intanet ma nan ta shigo. A ce kuma wayoyin uku duk gudunsu ɗaya, tsohon akwatin laburare kuwa shi ke da ƙaramar MAC. Shi ya ci sarauta. Ofis zai buɗe ƙofarsa mai duban laburare, ɗakin kwamfuta ma haka. Wayar da za a rufe kuwa ita ce ta tsakanin ofis da ɗakin kwamfuta, watau ita dai wadda aka fi bukata. Yanzu duk amsar da yaro ya danna sai ta bi ta laburare kafin ta kai ofis, ta cikin akwatin da ya fi kowa tsufa, wanda watakila yana bisa kanta cikin ƙura, ba shi da batir, mai shara ma ya kan zare filoginsa ya sa cajin wayarsa. Kome yana tafiya, ba wanda zai kawo ƙara, sai ran da wuta ta ɗauke a laburare.

Wannan batu na wuta ya fi shafarmu bisa ga waɗanda suka rubuta littattafan a Turai da Amurka. Duk sa'ad da sarki ya mutu sai an sake zaɓe, an sake auna hanyoyi. In ya farfaɗo kuma ba ya haƙura, sai ya karɓe sarautarsa, a sake wani awon. Watau ɗauke wuta ɗaya, tsayawa biyu. A inda a ke juya layi daga wutar gari zuwa janareta sau uku a yini, lissafa ka gani. Saboda haka a wurina sharaɗin sarauta biyu ne. Ya zama akwatin da yawancin saƙo ke nufa, kusa da saba da ƙofar intanet, ya kuma zama wanda ke bisa batir ko sola mafi aminci a makarantar. In an rasa na biyun, a sayo masa batir kafin a naɗa shi.

Lambar daraja ba a sa ta yadda aka ga dama. Tana tafiya ne taki-taki, ko wane taki 4096: 0, 4096, 8192, 12288, har zuwa 61440, matakai 16 ke nan. Dalili kuwa shi ne an yanki ƙasan gurbin lambar an ba lambar unguwa. Akwati ɗaya a kan raba shi unguwa-unguwa, ta malamai daban, ta ɗalibai daban, don kada shelar waɗannan ta shiga wa waɗancan, ko wace unguwa ita a ke kira VLAN. Shi ya sa in ka duba sabon akwatin Cisco za ka ga 32769, har ka yi tsammani an faɗa maka ba daidai ba. 32768 ne aka tara da 1, lambar unguwa ta farko. In ka sa 4096 a unguwa ta 10, 4106 zai nuna maka.

Ni na kan ba sarki 4096, in ba waziri 8192, sauran in bar su a 32768. Waziri shi ne wanda zai hau in sarki ya faɗi, wanda bai naɗa waziri ba kuwa ya koma wa cacar MAC a ranar da ya fi bukatar tsari. Waɗansu su kan ba sarki 0 don kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa. Ban ce laifi ba ne, amma na fi son a bar mataki ɗaya a ƙasa, don ran da aka kawo sabon akwati za a sauya tsoho, a ba sabon 0 ya karɓi mulki a sa'ar da ka zaɓa. A akwatin Cisco umarnin shi ne spanning-tree vlan 10 priority 4096. Ka lura, Cisco ko wace unguwa da bishiyarta, kada ka naɗa sarki a unguwa ɗaya ka manta da sauran. Akwai kuma gajeren umarni mai ƙarewa da root primary, wanda ya kan sa 24576, ko ya sauka ƙasa da lambar sarki mai ci in ta fi haka ƙanƙanta. Sau ɗaya ya ke yin wannan lissafi, lokacin da ka buga shi, ba ya ci gaba da gadi. Na fi son in rubuta lambar da hannuna in san abin da na sa. Akwatunan waɗansu kamfanoni shafi gare su da a ke buɗewa a burauza, sai ka nemi gurbin Bridge Priority ka zaɓi lamba. A misalinmu, da ka ba ofis 4096, ɗakin kwamfuta 8192, sai wayar tsakaninsu ta buɗe, rufin ya koma ƙofar laburare mai duban ɗakin kwamfuta, ta zauna jiran ko-ta-kwana.

Bayan naɗi sai awon hanya. Ko wace waya tana da kuɗin hanya gwargwadon gudunta, mai sauri ta fi arha. A tsohon ma'auni wayar megabit 10 kuɗinta 100, ta megabit 100 kuɗinta 19, ta gigabit ɗaya 4, ta gigabit goma 2. Ko wane akwati ya kan tara kuɗin da zai kashe kafin ya kai ga sarki ta ko wace ƙofa tasa, wadda ta fi arha ita ce hanyarsa ta zuwa fada. Ba yawan zango a ke ƙirgawa ba. In laburare yana da waya ta kai tsaye zuwa ofis mai megabit 100, kuɗinta 19, ga kuma hanya ta ɗakin kwamfuta mai zango biyu na gigabit, 4 a tara da 4, sai ya bi ta 8 ya bar ta 19. Da wayoyi suka ƙara sauri wannan ma'auni ya yi kaɗan, sai aka fito da dogon ma'auni, inda megabit 100 ke cin 200,000, gigabit ɗaya 20,000, gigabit goma 2,000. Abin tsoro shi ne haɗa su a makaranta ɗaya, wannan akwati yana lissafi da 4, wancan da 20,000, kamar mai awo da mudu da mai awo da tiya suna ciniki ba su sani ba. Ka duba ko wane akwati, ka mai da su ma'auni ɗaya. Ana iya sauya kuɗin ƙofa da hannu don a tilasta wa saƙo wata hanya, amma in sarki yana inda ya dace ba safai a kan bukaci haka ba.

In ka ja waya biyu tsakanin akwati biyu don ka sami ninkin gudu, ɗaya za a rufe, domin su ma zobe ne. Wadda za ta zauna a buɗe lambar darajar ƙofa ke nuna ta, ita kuwa 128 ce a ko wace ƙofa in ba a taɓa ba, sai a bi ƙaramar lambar ƙofa. In gudun ka ke so, ɗaure su za ka yi su zama dami ɗaya da tsarin LACP a duka ɓangarorin, sa'an nan bishiya ta ɗauke su waya guda.

Yanzu sai batun lokaci. A tsohuwar ƙa'ida sarki ya kan aika wasiƙarsa ko wane sakan 2. In akwati ya daina jin ta, sai ya jira sakan 20 kafin ya yarda hanyar ta mutu. Sa'an nan rufaffiyar ƙofa ba ta buɗewa farat ɗaya. Ta kan yi sakan 15 tana sauraro, ta ƙara 15 tana koyon lambobin MAC, kana ta fara wuce da saƙo. Jimla sakan 50 ke nan, ko 30 in wayar da ta yanke a jikin akwatin ta ke, ya gani da idonsa. A 2001 aka fito da sabuwar ƙa'ida mai sauri, RSTP, lambarta 802.1w, aka kuma shigar da ita cikin 802.1D a 2004. A nan ko wane akwati da kansa ya ke gai da maƙwabcinsa, in gaisuwa uku ta wuce shiru, watau sakan 6, an san ba lafiya. Ya kuma riga ya ware ƙofar da zai koma in ta farko ta mutu, maƙwabta biyu kuma su kan yi yarjejeniya nan take maimakon jiran agogo. Sau da yawa cikin sakan ɗaya ko biyu an gama. Duk akwatin da ya iya RSTP, a sa shi a kai. A Cisco spanning-tree mode rapid-pvst ne. Amma in akwai tsoho guda da bai iya ba, ƙofar da ke dubansa za ta koma tafiyar hawainiya irin tasa.

Ƙofofin da kwamfuta ko firinta ke jone a jikinsu ba su da abin jira, don kwamfuta ba ta yin zobe. In ka bar su haka nan, kwamfuta za ta tashi ta yi shelar neman adireshi tun ƙofa ba ta buɗe ba, ta gaji ta haƙura, yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tawa ba ta shiga." Akwai wata ɓarna kuma da ba a gani. Duk sa'ad da irin wannan ƙofa ta buɗe, akwati ya kan ɗauka siffar bishiya ce ta sauya, ya sanar da sauran, su share littafinsu na MAC su fara koyo daga farko. Ka tuna ɗakin da yara ke kunna kwamfuta suna kashewa yini guda. Maganin shi ne ka shaida wa akwati cewa waɗannan ƙofofin gefe ne. Cisco na kiran wannan PortFast, sauran kamfanoni su ce edge port. Ƙofar da ke zuwa wani akwati kuwa, kada ka kuskura ka sa mata wannan.

Ƙofar gefe tilas a haɗa ta da mai gadi. Na taɓa ganin wata makaranta inda yaro mai son gyara ya ga waya tana reto, ya ɗauki bakinta ya cusa a soket na kusa da shi, alhali ɗaya bakin yana soket na gaba. Bai yi don mugunta ba, amma ɗakin duka ya tsaya. Gadin da a ke kira BPDU guard aikinsa ke nan, in wasiƙar sarauta ta shigo ta ƙofar da aka ce kwamfuta kaɗai ke bayanta, sai ya kulle ƙofar nan take, ɗaki ya ci gaba da aiki. Shi ne kuma ke tare malamin da ya zo da akwatinsa daga gida ya jona. Na biyu shi ne root guard, wanda a ke sa wa ƙofofin sarki da na waziri masu duban ƙananan akwatuna. In wani ya taso ta nan yana da'awar lambar da ta fi ta sarki, sai a tsare ƙofar har ya yi shiru, sa'an nan ta buɗe da kanta. Akwai wani mai kama da su a suna, BPDU filter, ku yi nesa da shi. Shi toshe kunne ya ke yi, ƙofa ta daina aika wasiƙa ta daina ji, zobe kuwa ya samu ba mai gani. Haka nan 'yan ƙananan akwatunan nan masu arha na kasuwa, masu ƙofa biyar ko takwas, waɗanda ba a iya shiga saitinsu, ba su san bishiya ba sam. Waɗansunsu su kan wuce da wasiƙar, waɗansu su haɗiye ta. In ya zama dole a yi aiki da su, a sa su a ƙarshen reshe, da waya ɗaya tak.

Lambobin lokacin nan uku, 2 da 20 da 15, za ka ga gurbinsu a buɗe, hannunka ya riƙa ƙaiƙayi. Shawarata ka bar su. A tsohuwar ƙa'ida na sarki kaɗai a ke bi, in ka sauya a wani akwati ba abin da zai faru sai ran da ya hau mulki, ka rasa daga ina rikici ya fito. Suna kuma da ƙa'idar da ta ɗaure su: ka cire 1 daga 15 ka ninka biyu, 28 ke nan, kada na tsakiya ya wuce wannan, ka ƙara 1 bisa 2 ka ninka biyu, 6 ke nan, kada ya gaza wannan. Mai son sauri RSTP zai kunna. An kuma yi lissafinsu ne bisa cewa tsakanin akwati biyu mafi nisa ba za a ratsa fiye da bakwai ba. Ko wane akwati wasiƙa ta ratsa ya kan ƙara mata shekaru, in ta tsufa da yawa a yar da ita. Na can ƙurya in ya daina jin sarki sai ya ɗauka ya mutu, ya buɗe ƙofar da ya kamata ta zauna a rufe.

Kada ku ce wannan tatsuniya ce ta littafi. Ran 13 ga Nuwamba 2002 sadarwar asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka ta durƙushe, ta yi ta tashi tana faɗuwa har kusan kwana huɗu. Asibiti ne babba na koyarwa, mai ƙwararrun ma'aikata. Shekara da shekaru ana ta jona akwati bayan akwati, har waɗansu sassa suka wuce zango bakwai ɗin nan ba wanda ya lura. Da wani mai bincike ya tura bayanai masu yawa, sai bishiyar ta kasa tsayuwa. Likitoci suka koma takarda da biro, ana kai sakamakon gwaji da ƙafa. Shugaban sashen, John Halamka, bai ɓoye ba, ya fito ya ba da labarin don waɗansu su koya. Makarantarmu ba ta kai girman asibitin ba, amma halin ɗaya ne, bana a ƙara aji a jona akwati a jikin na bara, baɗi a jona wani a jikin na bana. In za a ƙara akwati, a ja wayarsa zuwa ga sarki ko waziri, ko da ta fi tsawo.

Inda akwatunan na kamfanoni daban-daban ne, ga unguwanni da yawa, MSTP ya fi dacewa, wanda ya fito a 2002. Shi ya kan tara unguwanni da dama bisa bishiya ɗaya. Sharaɗinsa abu uku su zama daidai harafi da harafi a ko wane akwati: sunan yanki, lambar bita, da jerin wace unguwa ke bisa wace bishiya. In ɗaya ya saɓa, ko da babban baƙi ne a maimakon ƙarami, akwatin ya zama baƙo a yankin.

In ka gama saiti, ka adana shi, a Cisco da copy running-config startup-config, in ba haka ba ɗauke wuta na farko zai share aikinka. Sa'an nan ka bi akwatunan ɗaya-ɗaya da show spanning-tree, ka tabbata duka sarki ɗaya su ke ambata. Ka ƙirga rufaffun wayoyi kuma. Bishiya mai akwati uku waya biyu ta ke bukata, mai akwati goma tara, watau kullum a cire ɗaya, abin da ya ragu daga wayoyinka shi ne adadin da ya kamata ka gani a rufe. A misalinmu uku a ɗebe biyu, saura ɗaya. In ka ga babu ko ɗaya a rufe alhali ka san akwai zobe, to wata waya ta riga ta mutu ba ka sani ba.

Gwaji kuwa ran Asabar a ke yinsa, ba ranar jarrabawa ba. Ka sa wata kwamfuta ta riƙa buga ping zuwa saba ba tsayawa, ka zare wayar ofis da ɗakin kwamfuta, ka duba agogo. In amsa ta dawo cikin sakan biyu ko uku, RSTP na aiki. In ta kai rabin minti, akwai tsoho a hanya, ko wata ƙofa ba a saita ta daidai ba. Ka mai da wayar, ka kashe sarki ɗungum, ka duba ko waziri ne ya hau. Daga nan ka ɗauki gajeriyar waya ka haɗa ƙofofin gefe biyu da gangan, ka ga ko mai gadi ya kulle. Ƙofar da ya kulle ba ta buɗewa don ka zare wayar, sai ka shiga ka buga mata shutdown, sa'an nan no shutdown, sai fa in an sa mata lokacin buɗewa da kanta. Bayan wannan ka sami takarda ka zana akwatunan da wayoyinsu, ka rubuta lambar darajar ko wanne da ƙofar da ke rufe, da kwanan wata, ka manna a cikin murfin kabad ɗin sarki, domin mu malamai canjin wurin aiki ba ya sallama, wanda zai gaje ka kuma da wannan takarda zai fara.